Bayan an sallame shi daga asibiti, me ke hana mutum sake yunƙurin kashe kansa?

Sista Mai Aikin Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani wuri da ake wucewa da sauri a aikinmu, ina so mu tsaya a kansa. An kawo mutum ya yi yunƙurin kashe kansa, an ceto ransa, jiki ya murmure, bayan kwana biyu ko uku aka sallame shi. Abin da aka fi yi shi ne a yi masa nasiha, a rubuta masa ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, a miƙa shi ga 'yan uwa. Da yawa ba sa zuwa ranar. To tsakanin ƙofar asibiti da gida, mene ne aka tabbatar yana hana maimaitawa? Abin da nas ko jami'in lafiya zai iya yi da hannunsa nake tambaya, ba abin da sai an jira babban likita ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam Sista. Mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanyar duk shekara, kuma babu alamar haɗari da ta kai ta wanda ya taɓa yunƙuri. Binciken da ya tattara alƙaluman asibitoci masu yawa ya nuna cikin mutum 100 da aka kai asibiti bayan sun cutar da kansu, kimanin 16 suna sake yi cikin shekara guda, ɗaya zuwa biyu kuma suna rasa ransu. Haɗarin ya fi tsanani a makonnin farko, shi ya sa a Ingila ake neman a ga wanda aka sallama daga sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa cikin awa 72.

Amma a riƙe ɗaya gefen ma: kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanyar, ko an bi su shekaru. Masu cewa "wanda ya ƙudura sai ya aikata" alƙaluma ba su goyi bayansu ba. Halin guguwa ne, yana tasowa yana lafawa. Aikinmu mu ga mutum ya tsallake guguwar da ransa.

Masaniyar Halayyar Ɗan Adam:
Amsar tambayarki kai tsaye, Sista, ita ce tsarin tsira da ake rubutawa tare da mara lafiya kafin ya bar asibiti. Barbara Stanley da Gregory Brown ne suka tsara shi a Amurka, kuma minti 20 zuwa 45 yake ci. A 2018 an wallafa gwajin da aka yi da shi a sassan gaggawa na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, kan mutum 1,640. Waɗanda aka yi wa tsarin kuma aka bi su da kiran waya, halayyar neman kashe kai ta ragu a cikinsu da kashi 45 cikin 100 a wata shida, kuma sun fi zuwa ganin likita.

Mataki shida ne, kuma jerinsu yana da dalili. Na farko alamomin da shi kansa ya san suna zuwa kafin guguwar, da bakinsa ba da namu ba: "idan na kwana biyu ban yi barci ba", "idan na fara jin ni kaya ne a wuyan iyalina". Na biyu abin da zai yi shi kaɗai ya janye hankalinsa, kamar alwala da ruwan sanyi, zagaya unguwa, sauraren karatu, wanki, kula da dabbobi. Na uku mutane da wuraren da zai je ya shiga jama'a ba tare da ya faɗi damuwarsa ba, majalisa ko shagon aboki ko gidan gwaggo. Na huɗu mutum biyu ko uku da zai iya gaya wa ƙarara cewa tunanin ya dawo, da lambobinsu. Na biyar ma'aikatan lafiya da asibiti mafi kusa da ke buɗe da dare. Na shida gyara gida ta yadda abin da zai cutar da kansa da shi ya yi masa nisa. Idan mataki ɗaya bai kwantar da shi ba ya wuce na gaba.

Inda ake ɓata shi: ma'aikaci ya cika takardar da kansa ya miƙa. Wannan ba tsari ba ne, fom ne. A kowane mataki sai a tambaye shi, "me zai hana ka yin wannan da ƙarfe biyun dare?" Idan ya ce yayansa ba ya ɗaga waya da dare, a sauya suna tun yanzu.

Jami'in Lafiyar Karkara:
Malama, a nan nake da ja. Rabin mutanen da ke zuwa asibitin sha-ka-tafi ba za su karanta wannan takardar ba. Sannan mataki na uku, matar da ba ta fita sai da izini, ina majalisarta? Ni a ganina a ce mutum ya yi alkawari, ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai sake ba, ya fi ƙarfi a wurin mutanenmu.

Masaniyar Halayyar Ɗan Adam:
Maganar karatu gaskiya ce, amma tana da mafita. A rubuta da ajami idan shi ya iya, ko a naɗi muryarsa a wayarsa yana faɗin matakan da kansa, ko a yi zane a kati. Matar da ke cikin kulle kuma, mataki na ukunta yana cikin gida ko maƙwabta: ɗakin uwar miji idan suna shiri, maƙwabciyar da ake kitso da ita, makarantar Islamiyya. Kuma a nemi izinin fitar tun a asibiti, a gaban likita, kada a bari sai ranar da abin ya taso.

Alkawarin kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. An daɗe ana sa marasa lafiya sa hannu kan takardar "ba zan sake ba", kuma babu hujjar cewa tana karewa. Illarta biyu. Alkawari yana gaya wa mutum abin da ba zai yi ba, bai gaya masa abin da zai yi ba. Sannan ranar da tunanin ya dawo, kunya za ta hana shi faɗi domin ya rantse. Ka ɗora rantsuwa kan mutumin da tuni yake ganin kansa mai laifi, ka toshe bakin da muke buƙatar ya buɗe.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Bari in yi magana kan mataki na shida, don shi mutane suke rainawa. Wani bincike a Austiriya ya gano kusan rabin waɗanda suka yi yunƙuri, tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti goma ba. Duk abin da ya ƙara tazara tsakanin mutum da abin cutarwa yana sayen lokaci. Ƙasar Sri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi guba, kuma daga 1995 zuwa 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Mutane ba su koma wata hanyar da yawan da aka zata ba.

A gidajen manoma, maganin feshi da na ɓera su bar ɗakin kwana da kicin, a kulle su a wani wuri, makulli a hannun wani. Ragowar magungunan asibiti a fitar da su. Wanda aka rubuta masa a ba shi na mako guda kawai, ko wani babba ya riƙe yana ba shi. Makami kuma a kai shi wani gida. Kada a yi a ɓoye kamar ana binciken ɓarawo. A yi da saninsa, a ce "na ɗan lokaci ne har iska ta lafa."

Sai dai Likita, ina da tambaya. Tunda ciwon damuwa ne tushen yawancinsu, ba maganin sha ne ainihin abin ba, hirar kuma ƙari?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
A'a, ba haka ba ne. Magani yana da muhalli idan akwai ciwon damuwa mai tsanani, ko ciwon da ke sa a ji muryoyi, ko mai ɗaga mutum sama ya sauke shi. Amma maganin damuwa yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga aikinsa, wato daidai makonnin da suka fi haɗari, kuma a 'yan ƙasa da shekara 25 ana ƙara sa ido a farkon shansa. Wasu kuma ba su da ciwon damuwa sam, bashi ne ko rikicin aure ko abin kunya ya rufto musu. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne hirar magani da ta nufi tunanin kashe kai kanta, ba wadda ke zagaye shi tana fatan zai tafi idan damuwa ta tafi ba.

Misali mafi ƙarfi shi ne gwajin Brown da Aaron Beck a Jami'ar Fensilbeniya a 2005. Mutum 120 da suka yi yunƙuri, rabi aka ba su zama goma na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ake kira CBT. Cikin wata 18 yiwuwar sake yunƙuri ta ragu da rabi. A 2015 David Rudd ya gwada mai zama 12 kan sojojin Amurka 152, aka samu ragin kashi 60 cikin 100 a shekara biyu.

Sista Mai Aikin Dare:
Likita, me ake yi a cikin zama goman? Kalmar "hira" tana sa mutane su ɗauka nasiha ce kawai.

Masaniyar Halayyar Ɗan Adam:
Bari in karɓa wa Likita. Zaman farko zuwa na uku, mutum yana ba da labarin ranar daki-daki, ba a katse shi. Daga nan a zana sarƙar: me ya faru, me ya faɗa wa kansa, me ya ji a jikinsa, me ya yi. Misali mai bin bashi ya zo gaban jama'a, sai tunanin "na gama yawo, ba zan iya haɗa ido da kowa ba", sai ƙirji ya ɗaure, sai ya shige ɗaki ya kashe waya. Kowace mahaɗa a sarƙar wuri ne da za a iya yankewa.

Zaman tsakiya na koyon aiki ne. A gwada tunanin kamar yadda alƙali ke neman shaida: ina hujjar cewa babu mafita, me za ka gaya wa ƙaninka da shi ne a wannan halin? Amsar da ya samu da kansa a rubuta a ƙaramin kati ya sa a aljihu. A koya masa warware matsala: a faɗi matsala ɗaya tak, a jero duk hanyoyin da suka zo rai, a zaɓi guda, a tsaga ta ƙanana, a sa rana. "Bashi ya kashe ni" ba ta warwaruwa, amma "ranar Laraba zan je da kawu mu nemi a raba biyan kashi huɗu" tana warwaruwa. Sannan a haɗa akwatin sa rai, inda yake tara abin da ke tuna masa dalilin rayuwa, hoton 'ya'ya, saƙon mahaifiya, ayar da ke sanyaya masa zuciya.

Zaman ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa don yana da nauyi. Da izininsa, a mayar da shi ranar a cikin tunani, amma wannan karon yana amfani da abin da ya koya a kowace mahaɗa, sannan a ƙago wata guguwar ta gaba a sake gwadawa. Idan ya kasa, ba a rufe magani, ana ƙara zama. Wannan aikin wanda aka horar ne kuma yake da mai duba aikinsa, ba na wanda ya karanta a waya ba.

Ga mai cutar da kansa a kai a kai kuma zuciyarsa na tafasa da sauri, akwai tsarin Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton, wanda ake kira DBT, mai koya wa mutum sarrafa tafasar zuciyarsa. Shekara guda ne, da zaman mutum ɗaya da na rukuni duk mako, da damar kiran mai magani lokacin da abin ya taso. A gwajin 2006 ya rage yunƙuri da rabi. Yana da kyau ƙwarai, amma yana cin ma'aikata.

Jami'in Lafiyar Karkara:
To kun ga inda nake nufi. Fensilbeniya, Washinton. Mu da masanin halayya ɗaya ke iya ɗaukar jiha guda, wa zai yi zama goma?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ƙorafinka yana kan hanya, Malam, kuma akwai amsa daga ƙasashe irin namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji a Barazil, Indiya, Sri Lanka, Iran da Sin kan mutum 1,867, aka wallafa a 2008. Abin da aka yi kaɗan ne: zaman bayani na awa ɗaya dab da sallama, sai tuntuɓa sau tara ta waya ko ziyara, a mako na 1, 2, 4, 7 da 11, sannan wata na 4, 6, 12 da 18. A wata 18, mutum 2 cikin 1,000 ne suka mutu ta kashe kai a rukunin da aka bi, a ɗaya rukunin kuwa 22 cikin 1,000. Adalci ya sa in ƙara cewa yawan sake yunƙurin da bai kai ga mutuwa ba bai ragu a fili ba a wannan gwajin. Haka ma wani gajeren tsari mai zama uku da wasiƙu na shekara biyu da aka yi a Bern ta Suwizalan ya rage sake yunƙuri da kusan kashi 80 cikin 100 a 2016, amma da aka gwada shi a Finlan bai fi shawarwarin gaggawa da aka kwatanta shi da su ba. Don haka kada mu sayar wa mutane tabbacin da babu.

Tushen wannan tunanin Jerome Motto ne a San Faransisko. Ya ɗauki mutum 843 da suka ƙi ci gaba da magani bayan sallama, kusan rabinsu aka riƙa aika musu gajeriyar wasiƙa, guda 24 a shekara biyar, ba ta neman komai a wurinsu sai dai ta ce ana tuna su. A shekara biyun farko mutuwa ta ragu a cikinsu. Mu da muke da al'adar gaisuwa da dubiya, wannan ba baƙon abu ba ne, jadawali kawai ya rasa. Littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake horar da ma'aikatan matakin farko da shi ya ce a tuntuɓi mutum duk mako a wata biyun farko, sannan a sassauta zuwa duk mako biyu ko huɗu.

Batun wa zai yi kuwa, a Harare Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata ma'aikatan lafiya na unguwa su yi zama shida na warware matsala a kan benci a harabar asibiti, gwajin 2016 ya nuna damuwa ta ragu sosai. Ba don waɗanda suka yi yunƙuri aka gina shi ba, amma ya nuna ana iya koyar da wannan sana'ar ga wanda ba likita ba, muddin akwai mai duba shi da inda zai tura mai tsanani.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka da alheri. Ni gefen wa'azi zan taɓa. Haramcin abin ba a jayayya a kansa, kuma shi mara lafiyar ya sani. Karanta masa ayoyin azaba yana kwance a gadon asibiti ƙara masa kaya ne. Abin da ya dace da lokacin shi ne aya ta 53 ta Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Kuma a Sahihu Muslim akwai hadisin Ɗufail ɗan Amru game da mutumin da ya yi hijira tare da shi, ciwo ya tsananta masa har ya raunata hannunsa ya rasu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara. Idan wanda ya rasu ya samu wannan, ina ga wanda Allah ya raya? Addu'a da ruƙya su tafi tare da asibiti, kada a ce a ajiye magani don ana rubutu. Limami zai iya zama ɗaya daga sunayen mataki na huɗu, da sharaɗin ya iya riƙe sirri.

Barista:
Allah gafarta Malam, sirrin nan yana da nasaba da doka. Sashe na 231 na Final Kod, wato kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na dokar laifuka ta Kudu, sun sa yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma ba ita ta soke waɗancan sassan ba. Gana ta cire laifin a 2023. Tasirin a aikace shi ne iyali su ce "kuskure ne ya sha", sai a rubuta haka a kati, sai babu wanda ya yi tsarin tsira. Ma'aikaci ya fara da tabbatar musu cewa magani ya kawo su, ba bincike ba.

Sista Mai Aikin Dare:
Shi ya sa ake ganin mara lafiya shi kaɗai tukuna kafin a shigo da dangi. Wani lokaci wanda ya rako shi ne tushen matsalar, duka ko auren dole ko cin zarafi, kuma ba a mayar da mutum cikin wutar da ya fito a ce an yi tsari. Tambayar kuma a yi ta kai tsaye: "har yanzu tunanin kashe kanka yana zuwa?" Bincike ya nuna tambaya ba ta shuka tunanin. To kiran wayar fa, me ake faɗa?

Masaniyar Halayyar Ɗan Adam:
Na farko cikin awa 72, minti goma zuwa sha biyar ya isa. A fara da "kana inda za ka iya magana?" A tambayi barci da cin abinci da shaye-shaye, a tambayi tunanin ƙarara, a ce ya ɗauko tsarinsa a ga wane mataki ya yi aiki wane bai yi ba, a tabbatar abubuwan da aka ce a kawar an kawar, sannan a warware abin da zai hana shi zuwa asibiti, kuɗin mota ne ko izini ko kunya. Kafin a ajiye waya a sa ranar kira na gaba, kuma a cika. Kiran da aka yi alkawari aka fasa ya fi rashin alkawarin ciwo ga mutumin da ke ganin ba wanda ya damu da shi.

Tun a asibiti a karɓi lamba biyu, a tambaya wa ke riƙe wayar, don mata da yawa wayar miji ce ko ta ɗa. Saƙon rubutu kada ya ambaci abin da ya faru: "Muna gaisuwa daga asibiti, da fatan kana lafiya, idan kana son magana ga lambarmu." Idan an kira sau uku a lokuta dabam ba a samu ba, a kira lamba ta biyu, idan ita ma shiru a tura ziyara.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Idan kuma a kiran ya ce yana da shiri kuma abin yana kusa da shi, an bar maganar jadawali. Kada a ajiye waya, a sa wani ya zauna da shi, a kawar da abin, a kawo shi sashen gaggawa mafi kusa ko a kira 112. Daga nan a tura asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri. Kuma kada a dogara da fom mai raba mutane "haɗari kaɗan" da "haɗari mai yawa" wajen yanke wa za a bi. Jagorar Ingila ta 2022 ta hana amfani da shi don hasashe, domin da yawa daga waɗanda suka rasu an sa su a layin "kaɗan". Duk wanda ya yi yunƙuri a yi masa tsari, a kira shi.

Jami'in Lafiyar Karkara:
Na janye maganar rantsuwa. Amma kira tara a wata 18 yana buƙatar rajista, da sunan ma'aikaci ɗaya a gaban kowane mara lafiya, da wanda zai gaje shi idan an yi masa sauyin wurin aiki, da katin waya da ba daga aljihun nas zai fito ba. Sista, ki zana mana shafin rajistar: suna, lamba biyu, mai riƙe wayar, ranakun tara, da gurbin abin da aka samu a kowane kira. Malama kuma ta turo matakai shidan da Hausa mai sauƙi da ajami, mu duba kalmomin tare kafin a buga.